Allurar da ba ta motsi

Shekara goma sha ɗaya ina sayen katako a hannun wasu kafin Allah Ya ba ni injin kaina. A Bertuwa nake da iyali, a gabashin Kamaru, kuma sana'ata ita ce ta 'yan'uwa da yawa a nan. Mu tara falankan ayus, farin iccen nan marar nauyi da ake kira obeche a Najeriya, wawa a Gana, mu kai tashar jirgin ƙasa ta Belabo, a sauke a Ngawundare, daga nan manyan motoci su kwasa zuwa Garwa, Marwa, Kusuri, har Injamena.

Injin da na saya na hannu ne, irin wanda ake ja da mota har bakin daji. Zartonsa ɗamara ce ta ƙarfe, faɗinta inci ɗaya da kwata, tsawonta kusan mita 4, tana zagaya wili biyu. Wili ɗaya inji ke juya shi. Ɗayan yana zaune a kan wani ƙarfe mai zamewa, ƙaramin jak na mai yana tura shi waje don zarton ya ɗame. A jikin jak ɗin akwai agogo mai allura da ke nuna ƙarfin ɗaurin. Rabin kuɗin injin na uwargida ne: ta sayar da sarƙarta da awarwaronta, ta haɗa da kwasar adashinta. Wanda na ɗora a kansa kuwa ɗan wana ne marigayi, yaro ɗan shekara 19 da ya tashi a hannuna.

Wata huɗu muna aiki lafiya a wani dajin al'umma da muka yi yarjejeniya da mutanen ƙauyen. Ana cikin haka wani Alhaji na Kusuri ya ba ni aikin falanki mota guda, ya biya rabin kuɗi, muka sa rana. A makon ne katako ya fara fitowa da tudu da kwari. Ka shafa falanki ka ji hannunka yana hawa yana sauka, wani wuri kauri, wani wuri siriri. Kafinta ba ya sayen irin wannan sai a wulaƙance.

Abin da na sani ɗaya ne: in zarto ya yi sako-sako, yana lilo a cikin gungume. Sai na ce wa yaron ya ƙara ɗauri. Ya ce, "Baffa, allura tana kan layinta." Na ce ya wuce layin. Ya ƙara, aiki ya ɗan gyaru, bayan awa guda ya koma gidan jiya. Na ce ya ƙara kuma. Da la'asar muka ji ƙara kamar harbin bindiga, zarto ya tsinke. Allah Ya taimake mu murfin wili a rufe yake. Cikin kwana shida zarto huɗu muka rasa, ga tulin falankan banza a gefe.

A rana ta uku yaron ya same ni a inuwa ya ce, "Baffa, ni fa akwai abin da ke ba ni mamaki. Da can in zarto ya yi zafi allurar nan takan sauka, in ƙara mata. Yanzu tun safe har yamma ba ta motsi." Ban saurare shi ba. Na ce hankalinsa na kan waya, yana tura inji da gaggawa don a tashi da wuri. Na faɗa masa maganar da har yau nake jin kunyarta, a gaban leburori: wai dukiyar mutane yake wasa da ita don bai san zafin nema ba. Bai ce uffan ba. Da muka koma gida ranar Juma'a ya ƙi cin tuwo, uwargida ta lura. Da dare ta ce, "Alhaji, kuɗina ne a injin nan, amma ban sa su don a tozarta maraya ba. Ka nemo wanda ya san abin."

Aka kwatanta mini wani dattijo da ya yi shekaru yana wasa zarto a babban kamfanin katako kafin ya yi ritaya. Na ɗauko shi a kan babur. Bai taɓa komai ba sai da ya ɗauki guntayen zartunan ya duba su a hasken rana. Ya nuna mini ƙananan tsaga a kwarin da ke tsakanin haƙora. Ya ce wannan alamar ƙarfe ne da ya gaji, ko don ɗauri ya yi yawa, ko don an daɗe ana juya shi ba hutu. Sannan ya tambayi yaron yadda abin ya faro. Da yaron ya zo kan maganar allura, dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan. Allurar da ba ta motsi ƙarya take yi."

Ya yi mana bayani. Ƙarfe in ya yi zafi yana ƙara tsawo. Zarto mai mita 4, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yakan ƙaru da kusan milimita ɗaya da rabi, alhali duk miƙewar da ɗauri ke ba shi ba ta kai milimita 3 ba. Ke nan zafi kaɗai na iya cinye rabin ɗaurin. Shi ya sa dole allura ta sauka bayan yankan farko, a ƙara mata. Agogon kuma matsin man da ke cikin jak yake aunawa, bai san halin da zarto ke ciki ba.

Ya sa aka cire zarto, ya ce in tura wilin da hannu. Ko gezau. Ƙarfen da wilin ke zamewa a kai ya cushe da garin katako da ruwan da muke ɗiga wa zarto, sun haɗu da tsatsa sun zama kamar siminti. Jak yana ta turawa, allura tana nuna cikakken ƙarfi, amma ƙarfin a kan tsatsa yake ƙarewa, zarto yana sako-sako. In muka matsa fiye da kima sai ƙarfen ya fizge gaba ɗaya, duk nauyin ya faɗa kan zarto. Ga dalilin tudu da kwari, ga kuma dalilin tsinkewa.

Muka kwance, muka kankare, muka wanke da gas, aka shafa mai. Bel ɗin da ke kan wili ɗaya ya cinye har zarto na taɓa ƙarfe, muka canza duka biyun. Sannan ya fito da ma'aunin kauri mai baki biyu irin na makanikai, ya buɗe shi milimita 150, ya maƙale bakunan a jikin zarto tun yana sake. Aka ɗaure a hankali har ma'aunin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin goma na milimita, allura kuma ta tsaya kusa da layin da kamfanin injin ya sa. Ya ce yanzu agogo da zarto bakinsu ɗaya.

Kafin ya tafi ya bar mana ƙa'idoji, yaron ya rubuta su a bayan littafin lissafi. A duba allura bayan yanka biyu ko uku na farko. A sauke zarto bayan kamar awa biyu na aiki, a sa wani, a wasa wancan. A kankare laka da tsakuwa daga ɓawon gungume kafin a yanka. In an tashi aiki a sassauta ɗauri, domin zarto in ya huce yana tsukewa, ya danne bel da boris har safe. In kuma katako ya fara tudu da kwari, a fara duba kaifi, da buɗin haƙora, da ƙananan tayoyin da ke riƙe zarto, da saurin turawa, kafin a taɓa ɗauri.

Kayan Alhajin Kusuri sun makara da kwana tara. Na kira shi na faɗa masa gaskiya, ya rage wani abu a cikin cikon kuɗin, na karɓa. Falankan da suka lalace na sayar wa masu yin akwatin tumatir.

Saura yaron. A gaban leburorin da na ci masa fuska na tara su, na ce ɗana ya ga matsalar tun rana ta uku, ni ne ban ji ba. Na ce ya yafe mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baffa, ba komai." Na san akwai komai, don sai da aka yi makonni kafin ya koma yi mini hira a hanya kamar da.

Yanzu kowace Asabar shi ke kwance ƙarfen nan ya wanke ya shafa mai, kuma ba a ƙara ɗauri sai da izininsa, ko da ni ne a wurin. Sarƙar uwargida kuwa, da damina mai zuwa nake sa ran mayar mata, in Allah Ya yarda.