Baucin Yakubu Ga Mai Aljihu Wayam

Ranar da talaka ya riƙe ita ce 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur. Daga nan kuɗin mota ya tashi, abinci ya bi shi, har ya zamana magidanci a birnin Bauci ba ya ko kawo zancen kai iyali yawon buɗe ido. Da ma in an ce Bauci, hankalin mutane sai ya tafi Yankari da ruwan ɗumi na Wikki. To, amma Yankari ta fi kilomita 100 daga gari, ga kuɗin mota, ga na shiga, ga na masauki. Alhali kuwa a cikin birnin kansa akwai abin kallo na kwana biyu cur wanda ƙafa da ido kaɗai yake bukata.

Wurin da ya kamata baƙo ya fara shi ne kabarin marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairu, 1966. An buɗe ginin da ya kewaye kabarin a 1979, kuma waɗanda suka tsara shi sun yi nufin ya ba da labari da kansa. Mai shiga zai fara bi ta wani lungu mai duhu, watau kwatancin zamanin mulkin Turawa. Yana cikin tafiya sai haske ya riƙa tsargowa kaɗan-kaɗan, alamar begen samun 'yanci, har ya fito fili. Can ciki babu rufi, sai sararin Allah, ga bangaye an ƙawata su da launi iri-iri domin nuna yawan ƙabilun ƙasar nan. A tsakiya kuwa ga kabarin, ba ado, ba ƙyale-ƙyale, kamar na kowane Musulmi. Mutumin da ya riƙe ragamar ƙasa tun daga 1957 ke nan. Ba safai mai ziyara kan fito daga nan da surutu ba. A gefe akwai ɗakin da aka adana hotunansa da waɗansu kayayyakinsa, kuma ƙanƙancin kayan ya fi kowace lacca bayyana irin zaman da ya yi.

Yara 'yan makaranta da suka karanta Shaihu Umar za su so sanin cewa mai littafin malamin makaranta ne a garin nan kafin siyasa ta ɗauke shi. A Midil ta Bauci ya koyar, inda Malam Aminu Kano ma ya yi koyarwa. A nan ne kuma su da Malam Sa'adu Zungur suka riƙa haɗuwa a Majalisar Taɗi, wadda aka kafa a 1943, suna tattauna al'amuran mulkin En'e a gaban hukuma, abin da ba a saba gani ba a Arewa a lokacin. Za a iya cewa siyasar zamani ta Arewa a tsakar gidan Bauci ta koyi tatata.

Daga nan sai a doshi tsohon gari. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta, shi ya kafa birnin a 1809, bayan ya taso daga Inkil. Masu ba da tarihin baka sun ce sunan garin ya samo asali ne daga wani maharbi mai suna Baushe, wanda ya nuna masa wurin. Yakubu ya kewaye birnin da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 10, ya yi mulki har ya rasu a 1845. Yau mai neman ganuwar nan sai ya yi da gaske. Damina ta ci nata, masu ɗibar ƙasa sun ci nasu, gine-gine sun hau abin da ya saura. Sunayen ƙofofi ne suka tsira: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Jahun, Ƙofar Wambai, Ƙofar Inkil, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Dumi. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sanyin safiya zai gane girman birnin na da, kuma zai ga yadda sabon gari ya tumbatsa ya wuce shi tun da Bauci ta zama hedkwatar jiha a 1976. Uban da ya zaga da ɗansa haka ya ba shi abin da nan da 'yan shekaru mai yiwuwa sai dai a littafi.

A tsakiyar tsohon garin ne fadar Sarkin Bauci take, da Babban Masallacin Juma'a daura da ita. Ranar Juma'a ƙofar fada kan cika da dogarai cikin jajayen riguna, da masu algaita da kakaki. Wanda ya dace da lokacin Salla kuwa ya more, domin hawan Salla da hawan Daushe ba a sayar da tikitinsu. Hakimai kan zo da dawakansu cikin ado su yi jafi a gaban Mai Martaba Alhaji Rilwanu Suleiman Adamu, wanda ya hau gadon sarauta a 2010. Abin da ake bukata kawai shi ne sammako, a sami wurin tsayawa mai inuwa, a kuma riƙe hannun yara da kyau saboda dawaki.

Kasuwa ma wurin kallo ce ga mai iya danne zuciya. A Muda Lawal ake ganin kayan gwari da doya da 'ya'yan itace tuli-tuli, a Wunti kuwa ƙamshin masa ne ke tarbar mutum tun daga nesa. A nan dai alkawarin kyauta yakan karye, domin da wuya a sami wanda ya tsaya gaban tanda a Bauci ya wuce bai laluba aljihu ba.

Da la'asar sakaliya sai a nemi dutse. Duwatsu sun yi wa birnin ƙawanya, kamar su Warinje da Gudum, kuma hawansu ba ya cin ko kwabo. Bai kamata baƙo ya hau shi kaɗai ba. Gara ya nemi ɗan unguwa ya raka shi, ya kuma sauko tun rana ba ta faɗi ba. Daga sama ana hango hasumiyoyin masallatai, da filin wasa na Tafawa Ɓalewa inda aka buga waɗansu wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, da hanyoyin Jos da Gwambe da Kano kowace ta kama gabanta. Lokacin hunturu hazo kan rufe duk wannan, saboda haka ƙarshen damina ya fi, sa'ad da gari ya wanke kuma dawa ba ta riga ta bushe a gonakin gindin dutse ba.