Ziyara a Sunderland: Da zama a gindin teburin Firimiya, gara faɗuwa?

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san cewa idan kaka ta zo ƙarshe, idon yawancinmu yana saman teburi ne: wa zai ɗaga kofi, su wa za su gasar Zakarun Turai. Ƙasan teburi kuwa sai dai a leƙa don a samu abin tsokanar aboki. To akwai garuruwa a Ingila da ƙasan teburin nan ya daɗe yana hana su barci, kuma da wuya a samu wanda ya kai Sunderland. Mu wasu ne daga cikin ɗaliban Najeriya da ke karatu a arewa maso gabashin Ingila. Mun ware wuni guda muka zaga garin, don mu kawo wa ƙannenmu masu karanta wannan shafi labarin wata gardama da ta taɓa raba kan mutanensa: shin ya fi kyau kulob ya ci gaba da shan kashi a Firimiya, ko ya faɗa gasar 'yan dagaji inda ake sa ran zai riƙa cin wasa?

Daga Landan zuwa Newcastle tafiyar kamar awa uku ce a jirgin ƙasa. Daga nan sai ka hau ƙaramin jirgin cikin gari da ake kira Metro, cikin kusan rabin awa ka sauka a Sunderland. Garin yana bakin teku, daidai inda Kogin Wear yake shiga Tekun Arewa. Iskar da ke tasowa daga tekun nan kuwa, hunturun Kano wasan yara ne a kanta. Mun ga yara sanye da rigar kulob mai ratsin ja da fari, babu rigar sanyi, suna tafiya abinsu, mu kuma mun naɗe kamar ƙunshin goro.

Abu biyu suka gina garin nan: ƙera jiragen ruwa da haƙar kwal. Dukansu sun mutu. An rufe wuraren ƙera jirage na ƙarshe a 1988, ramin kwal na Wearmouth kuma aka rufe shi a 1993. Yanzu babban wurin aiki a yankin shi ne masana'antar motoci ta Nissan da aka buɗe a 1986. A kan wancan tsohon ramin kwal aka gina filin wasan kulob ɗin, Stadium of Light, wato Filin Haske, aka buɗe shi a 1997, yana ɗaukar mutum kusan 49,000. A kusa da filin akwai ƙatuwar fitila irin wadda mahaƙa ke shiga rami da ita, da kuma babbar ƙafar injin da ke saukar da su ƙasa. Ke nan mutumin da ya zo kallon wasa yana zaune ne a saman inda mahaifinsa ko kakansa ya nemi abinci. Sai ka san wannan kafin ka fahimci dalilin da ya sa maganar ƙwallo a garin nan take da zafi haka.

Ga ƙannenmu da ba su san tsarin ba: Firimiya tana da kulob 20, kowanne yana buga wasa 38, kuma uku na ƙarshe suna faɗawa gasar Championship. Can kulob 24 ne, wasa 46. Biyu na sama suna haurowa kai tsaye, wasu daga cikin waɗanda ke biye da su kuma su kara a tsakaninsu don neman gurbi ɗaya da ya rage, a ƙarƙare a filin Wembley. Ƙasa da Championship akwai League One, wato rukuni na uku.

Sunderland ta yi kaka goma a jere a Firimiya, daga 2007 zuwa 2017. A farkon shekarun nan ne 'yan Ghana irin su Asamoah Gyan da John Mensah da Sulley Muntari suka sa mata riga. Amma kaka biyar na ƙarshe azaba ce zalla: ta gama ta 17, ta 14, ta 16, ta 17, sannan ta 20. Kociya shida suka wuce cikin kusan shekara huɗu: Martin O'Neill, Paolo Di Canio, Gus Poyet, Dick Advocaat, Sam Allardyce da David Moyes. Abin ya zama kamar al'ada. A fara kaka da shan kashi, koci ya tafi, sabo ya zo ya ci wasu wasanni a ƙarshe, a tsira da ƙyar, a yi murna, a sake komawa gidan jiya. A 2014 ta je har gidan Chelsea ta doke ta 2-1, ta kuma ci Manchester United 1-0 a Old Trafford, ta tsira. Bayan wata shida kacal Southampton ta zuba mata ƙwallo takwas babu ko ɗaya.

A wannan lokacin ne wasu magoya baya suka fara cewa su kam gara a faɗi a huta. Wani dattijo da muka zauna da shi a wani shagon shan shayi kusa da filin ya ce mana shi ma yana cikin masu wannan ra'ayi a lokacin, kuma ya jero mana hujjojinsu ba tare da jin kunya ba. Mutum ya yi aiki mako guda, ya sayi tikiti mai tsada, ya ɗauko ɗansa, su zauna cikin sanyi suna kallon ƙungiyarsu tana tsare gida minti casa'in don kada a ci ta da yawa. Yaro ya taso bai san daɗin zama a saman teburi ba. A ƙasa kuwa wasanni sun fi yawa, ana sa ran cin mafi yawansu, 'yan wasan da kuɗi kawai ya kawo su za su kama gabansu, a ba yaran gari dama. Kuma suna da misali a maƙwabta. Newcastle, babbar abokiyar hamayyarsu, ta faɗi a 2009 ta dawo da kofin Championship a 2010, ta sake faɗuwa a 2016 ta dawo da kofin a 2017.

Suna da wata hujjar ma da ke tsaye a ƙofar filin. Akwai mutum-mutumin wani koci mai suna Bob Stokoe, an yi shi yana gudu da hannuwa a buɗe. Shi ne ya ci wa Sunderland kofin FA a 1973, lokacin da ta doke Leeds United 1-0, kuma a lokacin tana rukuni na biyu ne. Kulob ɗin ya ɗauki kofin lig na Ingila sau shida, amma na ƙarshe tun 1936 ne, babu sauran masu tuna shi sai ƙalilan. Ranar da dattawan garin suka fi alfahari da ita a rayuwarsu ta zo ne suna ƙasa.

Ɗaya ɓangaren kuma cewa suke yi, da babu gara ba daɗi. A Firimiya ne kawai za ka ga manyan 'yan wasan duniya sun zo garinku. A nan ne za ka haɗu da Newcastle sau biyu a shekara, kuma duk da wahalar da ake ciki, Sunderland ta ci Newcastle sau shida a jere tsakanin 2013 da 2015. Sannan ga maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi nauyi. A kakar da ta zo ta ƙarshe, da nasara shida kacal da maki 24, Sunderland ta karɓi sama da fam miliyan 90 daga kason Firimiya, mafi yawansa kuɗin talabijin. Kulob ɗin Championship na yau da kullum ko kashi ɗaya cikin goma na wannan da ƙyar yake samu a lokacin. Gaskiya ne ana ba wanda ya faɗo wani tallafi na rage raɗaɗi har zuwa shekara uku, amma kullum raguwa yake yi, alhali kwantiragin 'yan wasan da aka saya da farashin Firimiya yana nan ana biya.

A 2017 aka faɗi. Sai dai hutun da aka yi tsammani bai zo ba. An sayar da mai tsaron raga Jordan Pickford, ɗan yankin, ga Everton. Jermain Defoe da ke ci musu ƙwallaye ya tafi. Daga 17 ga Disamba, 2016 zuwa 16 ga Disamba, 2017, kwana 364, Sunderland ba ta ci wasa ko ɗaya a filinta ba. A ƙarshen kakar ta zo ta 24 cikin 24, ta zarce rukuni na uku. Masu Netflix za su iya ganin yadda abin ya kasance a shirin Sunderland 'Til I Die, wanda aka fara ɗauka da zaton za a nuna yadda kulob zai koma sama, sai kyamara ta ɗauki akasin haka. Abin da ya fi tsaya mana a rai a shirin ba 'yan wasa ba ne. Masu dafa abinci ne da masu sayar da tikiti da ma'aikatan ofis, waɗanda kowace faɗuwa ke nufin wataƙila aikinsu ya tafi. Ɗan wasa yana da wakili da zai nema masa wani kulob. Mai wanke riguna ba shi da kowa.

Hausawa na cewa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fito ba. Kaka huɗu Sunderland ta yi a League One, tana zuwa wasa ƙananan garuruwa irin su Accrington, inda filin bai wuce na mutum dubu biyar da 'yan kai ba. A 2019 ta kai Wembley, Charlton ta ci ta a daƙiƙun ƙarshe. A Janairun 2022 Bolton ta lallasa ta 6-0. Sai a watan Mayun shekarar ta doke Wycombe 2-0 ta koma Championship. Ta ƙara kaka uku a can, kafin ranar 24 ga Mayu, 2025, lokacin da wani matashi da ya taso a makarantar kulob ɗin, Tommy Watson, ya ci Sheffield United a minti na 95. Shekara takwas ke nan cif. Yaron da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare ranar da aka faɗi, ya gama sakandare har ya shiga jami'a kafin a dawo.

Amma fa kada a ce masu son faɗuwa sun yi kuskure a komai. Ranar 26 ga Disamba, 2018, mutum 46,039 suka shiga Filin Haske don kallon wasa da Bradford, a rukuni na uku. Akwai kulob da dama a Firimiya da filinsu ma ba zai ɗauki wannan adadi ba. Dattijon nan ya ce mana jikansa a waɗannan shekarun ya kamu da son kulob ɗin, domin a lokacin ne ya fara ganin ana cin wasa a gida ana rera waƙa har bakin gada. Kuma a ƙasan ne aka koyi sayen matasa da araha a raine su, irin su Jobe Bellingham wanda daga baya aka sayar wa Borussia Dortmund.

A ganinmu dai, abin da ya gajiyar da mutanen Sunderland ba Firimiya ba ce, rashin iya tafiyar da kulob ne, kuma shi wannan ciwo yana bin kulob duk rukunin da ya je. Newcastle ta dawo da wuri saboda a 2016 ta riƙe kocinta Rafael Benitez, ta kuma sayi 'yan wasan da suka dace da gasar. Leeds United da ta faɗi a 2004 da bashi a wuya sai da ta shekara 16 a waje. Sunderland ba ta fara farfaɗowa sosai ba sai bayan da ta sauya hannu a 2021, lokacin da Kyril Louis-Dreyfus, yana da shekara 23, ya karɓi ragamarta. 'Yan Sai Masu Gida za su ce ai Kano Pillars, mai kofin lig huɗu, ta faɗi a 2022 ta dawo a 2023. Haka ne, sai dai ita gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita, albashinta bai rataya a kan kuɗin talabijin ba kamar na Ingila.

Gardamar ba ta mutu ba, ta sauya kama ne. A kakar 2023/24 da ta 2024/25, duk kulob ukun da suka hau Firimiya sun koma inda suka fito a shekarar farko, Southampton ma da maki 12 ta gama. Wani direban tasi da ya ɗauke mu ya ce ranar Wembley ya yi kukan murna, washegari kuma tsoro ya kama shi. Ya kuma yi mana ƙorafin cewa a Championship idan aka ci ƙwallo tsalle kawai kake yi, a Firimiya kuwa sai ka jira na'urar taimaka wa alƙalin wasa ta gama bincike. Duk da haka da muka tambaye shi ko zai so a koma, sai ya juyo ya kalle mu kamar mun zage shi. Kulob ɗin ya ɗauko Granit Xhaka, tsohon kyaftin ɗin Arsenal, kuma a wasan farko na dawowa ya doke West Ham 3-0.

Da yamma muka gangara unguwar Roker, wadda ke tsakanin filin da bakin teku. A nan tsohon filinsu yake, Roker Park, inda suka yi wasa daga 1898 zuwa 1997. Kakarsu ta ƙarshe a cikinsa ma da faɗuwa ta ƙare, duk da sun tara maki 40, shi ya sa sabon filin ya fara aiki a rukuni na biyu. An rushe tsohon an gina gidaje, babu abin da zai nuna maka an taɓa buga ƙwallo a wurin sai sunayen layuka. Akwai Midfield Drive, layin tsakiyar fili. Akwai Goalmouth Close, layin bakin raga. Akwai kuma Promotion Close, wato layin haurawa babban rukuni. Mun zaga unguwar kaf muna karanta alluna, ba mu ga layin da aka sa wa sunan faɗuwa ba.