Kilishi, Cuku da Tarbar Baƙo a Birnin Shehu

Duk wanda ya yi wayo a birnin Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya riƙe sarauta daga 1938 zuwa 1988, ya san baƙo ba ya aiko da sanarwa. Sallama kawai za a ji a ƙofar gida, ko a Kanwuri ne ko Gidaɗawa ko Ƙofar Rini, wataƙila ɗan'uwa ne daga Wurno ya shigo ziyarar Hubbaren Shehu, wataƙila abokin ciniki ne daga Ƙwanni ya sauko da kaya, kuma tun bai gama kakkaɓe ƙurar hanya ba an shimfiɗa masa tabarma a zaure, an ɗebo masa ruwan randa a moɗa, uwar gida kuwa tana daga ciki tana cewa, "Ke ɗiyag ga, kai ma kawunki ruwa shi sha, ki ce mai hura na nan tahe." Ba a tambayarsa ko ya ci abinci, don tambayar ma abin kunya ce. Yau in ka je gidan mutum ba ka buga masa waya ba, kai ne da laifi.

Tuwo ba ya nuna da gaggawa, miya ma sai ta ɗauki lokacinta, saboda haka kowane gida yana da abin taɓawa da zai riƙe baƙo kafin a sauke tukunya. Ƙwaryar fura da kindirmo ce kan gaba, an rufe ta da faifai, ludayi a sama. Daga nan sai goro, sai dabino. Gidan da Allah Ya hore wa kuwa, mai gida kan shiga turakarsa ya fito da kilishi naɗe cikin takardar buhun siminti wadda mai ya riga ya huda, uwar gida ta buɗe kwalla ta ɗebo soyayyen naman layya da ya kwana wata biyu cikin kitsensa bai canza ba, a haɗa da hoce na garin dawa, in kuma an yi sa'a wani Buzu ya biyo ta unguwar kwanan nan, a ɓantaro cuku a ɗora a gefen faranti. Kafin a gama gaisuwa, a tambayi mutan gida da damina da dabbobi, komai yana gaban baƙo.

Matasa su sani cewa wannan saurin ba a ranar aka same shi ba. Ku da kuka taɓa tsayawa inda Rundawa ke aikin kilishi kun ga yadda abin yake. Mahauci ya zaɓi tsokar cinyar sa wadda ba kitse ba jijiya, ya zauna da siririyar wuƙarsa yana warware ta a hankali, yana juyawa yana shimfiɗawa, har dunƙulen nama ya zama falle mai faɗi wanda kana iya hango hasken rana ta cikinsa. A shanya a kan gadon kara, rana ta sha ruwan jikinsa. Sannan a dama labu da tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri, a tsoma kowane falle, a sake shanyawa, daga ƙarshe a gifta shi a kan garwashi ya ɗan yi ƙamshi. Zafin ranar Sakkwato, wanda a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kowa kuka yake da shi, amma shi ne babban ma'aikacin mai kilishi. Naman da ya fito daga wannan aiki yana iya yin watanni ba firji ba ƙanƙara.

Cuku ma haka. Matan Buzaye da na Fulani a ƙasar Tawa da Abalak sukan daskarar da madarar da aka tatso da safe, su tsane ruwanta, su baje ta falle-falle a kan 'yar tabarmar ciyawa su bar wa iska da rana, shi ya sa in ka duba cuku za ka ga zanen tabarmar kwance a jikinsa. Ta Ƙwanni da Illela yake shigo mana, tare da dabino da kanwa da raƙuma. Ana cinsa da shayi, ana kuma daka shi cikin fura ya ƙara mata garɗi. Akwai kuma ɗanyen cuku mai laushi na matan Fulanin ruga, wanda ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya, a soya shi ya yi ja a waje fari a ciki. Da yawa cikin yaran yau in ka nuna musu shi cewa za su yi awara ce, don ta waken suya kaɗai suka tashi suka gani.

To, sai ga shi yanzu 'ya'yanmu mata suna koyon tarbar baƙo a waya. A TikTok da YouTube sun ga wani abin taɓawa na mutanen Italiya da ake kira kurostini: a yanka burodi ƙanana, a shafa masa man zaitun a gasa ya yi ƙaras-ƙaras, a ɗora cuku, a ɗora siririn yankan busasshen nama, a jera a faranti cikin 'yan mintoci. Abin sha'awa ne, ba kuwa laifi ba ne a koya. Amma duk wanda ya dube shi da idon basira zai ga dabarar kakanninmu ce a wata ƙasa. Su ma can talaka ne bai yarda burodin jiya ya tafi a banza ba. Su ma saurin farantin nasu yana tsaye ne a kan dogon haƙuri, domin shahararren cukun Parma da naman da ake busarwa a can sai sun shekara a ajiye kafin a kai su kasuwa. Bambancin shi ne naman nasu galibi na alade ne, wanda ba ya shiga gidan Musulmi, cukun kuma sai an nemo shi a manyan kantuna da tsadar gaske, a kawo gida a sa a firji, a ɗauke wuta kwana biyu, a wayi gari ya lalace. Abin da aka fi yi dai shi ne a tura ɗan kabu-kabu ya karɓo samosa da cincin da lemon kwalba, baƙo yana zaune yana latsa waya.

Kada a ɗora wa matan yau laifin duka. Hanyar da ke kawo waɗannan kaya ita ma ta sha wuya. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga a gabashin jihar Sakkwato, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, sun tarwatsa rugage masu yawa, har ta kai wani nonon da ake tallansa a cikin gari da madarar gari ake haɗa shi. Naman da magidanci ke saye ya ajiye don baƙo, yau da ƙyar yake samun na miya. Jiyan ma ba aljanna ba ce. Ƙuda da ƙura sun sha sauka a kan shanyar kilishi, ba kowane gida ke da kwallar nama ba, kuma wannan karamci da muke yabo a kan gumin mata ya tsaya, su ne masu surfe da daka tun asuba. Kilishin da ake rufewa cikin leda yanzu ya fi na da tsabta, wannan gaskiya ce.

Sai dai akwai abin da ya tafi wanda ba tsada ce ta kore shi ba, wato zama cikin shiri. Gidan da yana kwana da sanin cewa wani na iya sallama gobe, don haka ko ƙwayar goro ce an ware ta da sunan baƙon da ba a san ko wane ne ba. Hausawa suka ce baƙonka annabinka. Maƙwabtanmu na Nijar sun gane darajar abin da ke hannunsu, har sun yi wa kilishinsu rajista da sunan ƙasarsu, mu kuwa muna jin nauyin ɗora namu a farantin tangaran.

Ke 'yata mai son burge baƙi, ga shawara. Yanka burodinki sirara, ki gasa a kasko da ɗan man shanu har ya yi ja, ki goga masa tafarnuwa tun yana da zafi. Ki soya ɗanyen cuku ki yanka daidai bakin burodin, ki yayyaga kilishi ƙanana ki ɗora, ki kawo albasa da tumatir ki yi masa ado. Kafin ruwan shayi ya tafasa kin gama, kuma babu abin da ya tsallako teku a ciki sai alkamar burodin. In hoce kika samu a madadinsa, tsofaffin gidan za su fi kowa sa miki albarka. Ku kuma magidanta, in an shiga kasuwa a riƙa tunawa da wanda bai zo ba tukuna, a sayi ɗan abin da ba ya lalacewa a ajiye. Wanda bai da halin kilishi ya tanadi dabino da ruwan sanyi da sakin fuska, ya kuma bar ƙofarsa a buɗe ko ba a buga waya ba.