Shaihu Umar: Littafi ko Silima?

Cikin littattafan Hausa duka babu wanda ya shiga raina kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi silima, Umaru Ladan ya fito a Shaihu. Nan Lafiya 'yan ajinmu kan ce, tun da ga silima, ina amfanin wahalar karatu?

To, silimar ta yi ƙoƙari ƙwarai. Ta nuna mini ayari da raƙuma da rairayin hamada, abin da ban taɓa gani ba. Amma sa'ad da na ke karanta yadda uwar Umar ta bar gida neman ɗanta, har aka bautar da ita, fuskar uwata na ke gani, sai hawaye. A silima kuwa, fuskar wata aka ba ni, na zama ɗan kallo.

Saboda haka, 'yan'uwana masu shirin malanta, in mun sami aji, mu fara ba yara littafin. In sun sauke, su kalli silimar. In ta riga, ta ƙwace musu zuci.