Sabon goshin shafi da haƙƙin baƙo

Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi shimfiɗar tabarma. A shafin intanet kuwa fuskar ita ce wannan ɓangare na can sama, inda ake rubuta sunan shafi, a ɗora hoto, a jera hanyoyin shiga sauran sassa. Ni goshin shafi nake kiran sa, don shi ne abin da ido ke fara sauka a kai. A watan nan na rushe goshin shafina na sake gina shi, kuma tun daga ranar ake tambayata ina babban hoton nan na ƙofar gida ya tafi. Amsar tana da ɗan tsawo, don sai an taɓo yadda yayi ke juya masu shafuka, da kuma wanda ke biyan kuɗin kwalliyarmu ba tare da an shawarce shi ba.

Goshin shafi ma yana da yayinsa kamar ɗinkin sallah. Blogger ya fito a 1999, Google ya saye shi a 2003, shekarar da WordPress ya bayyana. Daga 2005 duk wanda ya buɗe sabon shafi a WordPress yakan tarar da wani zubi mai suna Kubrick, mai shuɗin goshi da suna rubuce da fari a tsakiya, har aka riƙa gane sabon shiga da wannan shuɗin. A 2010 aka maye gurbinsa da Twenty Ten, wanda ya zo da faffaɗan hoto a sama. Bayan nan sai aka shiga yayin hotuna masu sauya kansu, ɗaya na bin ɗaya kamar raƙuman ayari. A 2013 kamfanin Apple ya fito da iOS 7, ya share inuwa da ƙyalƙyali daga maɓallan wayoyinsa, sai duniya ta koma zane shafaffe. Daga baya aka wayi gari hoto guda ya cinye fuskar kwamfuta baki ɗaya, wasu ma bidiyo suke sa wa ya yi ta motsi a bayan suna. Daga 2019 kuma, da manyan wayoyi suka zo da baƙin allo na karatun dare, kowa ya ce shi ma sai shafinsa ya yi baƙi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ƙirƙira da mutumin Madawa ko na Matamai a zuciya. An yi su ne a inda allon kwamfuta yake da faɗi, intanet kuma ana biyan sa a wata, a sha har a bari. Mu kuwa mun ɗauko su kamar yadda suke, muka canza hoton kawai. Ku zagaya shafukan ƴan Nijar ku gani: ko tutar ƙasa, ko hasumiyar masallacin Agadez, ko raƙuman dawa na Kure, ko gadar Kennedy ta Yamai da rana tana faɗuwa a bayanta. Duka kyawawa ne, amma in shafi goma suka sa riga iri ɗaya, baƙo ba zai san gidan wa ya shiga ba.

Tsohon goshina na gina shi ne a zamanin da ake zuwa sibar a biya kuɗin awa, a zauna gaban babban allo. Hoton ƙofar wani gida ne a unguwar Birni ta Damagaram, da na ɗauka da hantsi, zanen bangon ya fito raɗau. A babban allo ya dace da wurinsa, kuma ya yi mini hidima shekaru. Abin da ya sauya shi ne masu karatu. Yau kusan duk wanda ya zo shafin da salula yake zuwa. Yawancinsu ma ba ta shafin farko suke shigowa ba, wani ne ya tura musu rubutu guda ta WhatsApp suka latsa. A ƙaramin allo hoton yakan tsuke har zanen ya zama dabbare-dabbare, sannan ya tura layin farko na rubutun can ƙasa, sai an ja da yatsa kafin a ga abin da aka zo karantawa.

Ga kuma nauyi. Hoton ya kusa mega biyu, alhali rubutu mai kalma dubu bai fi ƴan kilobait ba. Wato mai karatun da ya zo karon farko yana biyan kuɗin hoton ninkin-ba-ninkin na rubutun da ya kawo shi. Wanda ya sayi mega na dala ashirin ko arba'in, yana lallaɓa shi don ya kai shi dare, shi ne ke ɗaukar wannan nauyi. In kuma a ƙauye yake, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, zai yi ta kallon farin allo har ya gaji ya fita. Ba zai rubuto ya ce ga abin da ya kore shi ba. Kawai dai ba zai dawo ba.

Da na zauna tunanin sabon goshi, gidan da ke cikin hoton ne ya ba ni shawara. Maginan Birni ba su barbaza ado a ko'ina ba. Sun fi tara shi a fuskar zaure, kewaye da ƙofa, ga zankwaye a sama, sauran katangar kuma a bar ta da yaɓenta. Adon yana nuna wa mai wucewa inda ƙofa take, yana kuma faɗa masa matsayin mai gidan. Zauren kansa wuri ne na sallama da ɗan zama, ba a tare baƙo a ciki da kaya har ya rasa hanyar wucewa. Sai na rubuta wa kaina ayyuka uku da goshi zai yi: ya faɗi shafin wane ne, ya faɗi abin da ake samu a ciki, ya nuna hanya. Duk abin da bai shiga ukun nan ba na ajiye shi gefe.

Na fara da suna. A da sunan shafin yana cikin hoton ne, an zana shi a kai. Yanzu rubutu ne sosai, wanda injin bincike zai iya karantawa, manhajar da ke karanta wa makafi allo ita ma za ta iya furtawa, kuma yana daidaita kansa da girman kowace waya. A ƙarƙashinsa na sa layi ɗaya tak da ke cewa sharhi ne da Hausa kan al'amuran yau da kullum. Wanda ya faɗo daga WhatsApp, wannan layin ya ishe shi sanin inda yake.

A nan ne na yi karo da matsalar da masu tsara yayi ba su san da ita ba, wato haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Da yawa daga cikin kyawawan salon haruffan da ake yayi ba su da su. In salon da ka zaɓa ba shi da ƙ, waya za ta aro shi daga wani salon dabam, sai ka ga harafi ɗaya ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙon tunkiya a garke, ko kuma ta nuna ɗan akwatin murabba'i a gurbinsa. Mutane da yawa sun gaji da wannan sun watsar da lanƙwasar gaba ɗaya. To amma fada ba faɗa ba ce, kasa ba ƙasa ba ce, baki kuma dabam yake da baƙi. Mu a Nijar muna da ƙarin dalili, don tsarin rubutun Hausa da hukuma ta tabbatar a 1999 yana amfani da ƴ, inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubuta y da ɗan waƙafi a gabanta. Na gwada salo kusan goma da jimla ɗaya mai ɗauke da haruffan huɗu, manya da ƙanana. Waɗanda suka tsallake ba tare da tangarɗa ba su ne Noto na Google, wanda aka yi shi musamman don kawar da waɗannan akwatunan, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL. Dukansu kyauta ne. Na tsaya a kan Andika don sunan shafi, saboda an tsara shi ne domin masu koyon karatu, haruffansa ba sa rikicewa da juna.

Sai batun hanyoyi. Yayin da ake ciki shi ne a ɓoye jerin sassan shafi a bayan ƴan layuka uku da aka jera a kusurwa. Alamar tsohuwa ce, wani mai zane Norm Cox ne ya yi ta don kwamfutar Xerox Star ta 1981, wayoyin zamani suka farfaɗo da ita saboda ƙarancin wuri. Na ɗauka kowa ya san ta, amma na ce bari in gwada. Na miƙa wa kawuna wayata, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mai karatu ne sosai, na ce, "Kawu, don Allah nemo mini tsofaffin rubuce-rubuce." Ya ja sama, ya ja ƙasa, ya gyara tabarau, sannan ya ce, "Ɗana, ai ba ka sa musu ƙofa ba." Da na nuna masa layukan sai ya yi dariya ya ce shi ya zaci ado ne. Saboda haka na bar alamar, amma na rubuta kalmar "Sassa" a gefenta. Washegari na sake gwadawa da wata innata, nan take ta latsa.

Kalmomin da ke cikin jerin ma na sauya su. Zubin da muke ɗaukowa yakan zo da Faransanci ko Ingilishi, sai ka ga shafin Hausa amma a samansa an rubuta Accueil da Archives da Contact. Kayan aro ba ya rufe katara. Shafin farko na sa masa suna Zaure, wurin tsofaffin rubuce-rubuce ya zama Taska, sai Marubuci, sai Aiko Saƙo. Guda huɗu ke nan, daga tara da suke a da. Akwai kuma yayin goshin da ke manne a sama yana bin mai karatu duk inda ya gangara. Shi ma na ƙi shi, don a ƙaramar waya yana cinye layi uku ko huɗu na rubutu a kowane lokaci.

Launi kuwa rana ce ta zaɓa mini. Ana yayin siraran haruffa masu ruwan toka a kan fari, kuma a ofis mai sanyi abin yana da ban sha'awa. Fito da wayar tsakar gida a watan Afrilu da azahar ka ga ko za ka iya karanta kalma ɗaya. Ƙa'idar da ƙungiyar W3C ta shimfiɗa don sauƙaƙa karatu ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1 a rubutu na yau da kullum. Na zaɓi ruwan ƙasa mai duhu, irin na bangon da aka shafe da makuba, a kan fari. Ya wuce wannan ma'auni, kuma ya yi kama da gida.

Saura hoton, wanda shi ne abin da ya fi yi mini wuyar rabuwa. Akwai masu karatu a Akra da Kumasi da Tamanrasset da suka taɓa gaya mini cewa ƙofar nan tana tuna musu da gida, wani ma ya ce yakan buɗe shafin don ya kalle ta ko bai karanta komai ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ma'aunin mega ba ya auna ta. Na daɗe ina juya abin. A ƙarshe na ɗauki zanen da ke saman ƙofar, na sake zana shi da layuka zalla a tsarin SVG, wanda nauyinsa ƴan kilobait ne kuma ba ya dusashewa a kowane allo, na shimfiɗa shi siriri a ƙarƙashin suna kamar bakin zane. Cikakken hoton kuma na mai da shi sashen Marubuci. Mai son ganinsa zai je da ƙafarsa, ya biya da yardarsa. Wanda ya zo karatu kawai ba a ɗora masa ba. Na san wasu ba su gamsu ba, kuma ina ganin uzurinsu.

Ba na cewa yayi abin ƙi ne. Tsarin da ke sa shafi ya daidaita kansa da kowane allo, wanda Ethan Marcotte ya raɗa wa suna a 2010, shi ma yayi ne a lokacinsa, ga shi yau mu muka fi kowa cin moriyarsa. Abin da nake cewa shi ne a tace, a ɗauki wanda ya sauƙaƙa wa mai karatunmu, a bar wa masu shi wanda ya nauyaya masa.

Ga ƴan'uwa masu shafuka da ke shirin sauya goshi, kada ku yanke hukunci a gaban kwamfutarku. Ku ari wayar da ta fi kowace arha a gidanku, ku kashe wifi, ku fita rana, ku buɗe rubutu guda kamar wani ne ya turo muku. Ku ƙirga daƙiƙa nawa aka yi kafin layin farko ya bayyana, ku duba ko ƙ da ɗ sun fito daidai da sauran haruffa, sannan ku miƙa wa wani dattijo ku ce ya nemo tsofaffin rubuce-rubuce, ku kuma kame bakinku kada ku nuna masa. Abin da kuka gani a wannan gwaji shi ne abin da masu karatunku ke gani kullum.