Tashe a Lungun Kano

Shekarun baya azumi ya riske mu a Kano, mu baƙi daga Aboabo ta Asokore Mampong. Goma ga wata, bayan shan ruwa, sai ga yara a ƙofar masaukinmu. Ɗaya ya manna gemun auduga, ya dogara sanda, ya zama tsoho, sauran na amshi. Babu dandamali, ƙofar zauren ce fage. Mu 'yan kallo ma sai da aka jawo mu ciki, don ba su gusa ba sai da muka ba da sadaka. Gwauron cikinmu kuwa ɓuya ya yi, kada mutanen Nalako, Sarkin Gwagware, su kama shi. Da 'yan sandan Kano suka hana tashe a 2025 saboda 'yan daba, yaran nan muka fara tunawa.