Ina Za A Kwantar Da Baƙo? Tattaki A Garin Hiji

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinSa su yi tafiya a cikinta su ɗauki izina. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, duk wanda ya ji an ambaci ƙasar Japan, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne jiragen ƙasa masu gudun tsiya, da motoci, da na'urori. Idan mai kula da addininsa ne sai ya ƙara da tambayar inda ake samun naman halal da kuma nisan masallaci. Duk waɗannan tambayoyi ne masu kyau, amma dukansu tambayoyin mai rai ne. Akwai wata guda da ba kasafai mai shirin tafiya ke yin ta ba, alhali ita ce wadda babu makawa sai an amsa ta: idan ajali ya riski Musulmi a wannan ƙasa, ina za a kwantar da shi? Yawo da ƙafa a wani ƙaramin gari, a tsakiyar lokacin zafi, shi ya ɗora mini wannan tambaya, kuma ina so mu yi tattakin tare kafin mu iso gare ta.

Sunan garin Hiji. Yana cikin lardin Oita a tsibirin Kiyushu da ke kudu maso yammacin Japan, a bakin teku, kuma mutanensa kimanin 28,000 ne. Daga birnin Beppu, inda Musulmin yankin suke da masallaci tun shekarar 2008, tafiyar jirgin ƙasa ba ta kai rabin awa ba. Garin ya jingina da duwatsu ta baya, ya fuskanci ruwa ta gaba, saboda haka kusan kowace hanya ko dai hawa ce ko gangara.

Zafin Japan ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, idan ka samu inuwar darbejiya ka tsira. Nasu kuwa yana zuwa ne bayan ruwan sama na watan Yuni da farkon Yuli, iska ta cika da danshi, zufa ta yi ta zuba ba ta bushewa, a inuwa kake ko a rana. Don haka mai son yawo a watan Agusta sai ya yi sammako. Alfijir na ketowa wajen ƙarfe 4, babu ladanin da zai tashe ka, agogonka ne kawai da tsoron Allah. A nan ne kuma baƙo daga ƙasar Hausa ke fara gane ya yi nisa da gida, domin kuwa mu da muka saba kiran alƙibla da sunan gabas, har mukan ce wa mai salla ya dubi gabas, a nan yamma muke fuskanta, mu ɗan karkata arewa. Ɗakin Ka'aba na nan inda yake, mu ne muka zagayo ta ɗaya gefen.

Da hantsi bai gama ɗagawa ba sai wani ƙwaro dangin gyare, wanda suke kira semi, ya cika bishiyoyi da ƙara, har ka rasa jin takun ƙafarka. Daga tashar jirgi ta Yokoku, gangarowa kaɗan za ta kai ka kufan fadar garin, wadda wani basarake mai suna Kinoshita Nobutoshi ya gina a farkon shekarun 1600. Ginin fadar ya tafi, ganuwar dutse ce ta rage, kuma a daidai inda sarakuna suka zauna yanzu makarantar firamare ce. Na daɗe a tsaye ina duban wannan abu. A matsayina na wanda ya yi shekaru yana koyar da yara, ban taɓa ganin wa'azi a kan ƙarewar mulki mai taushi kamar wannan ba: filin da aka tsare da takubba ya koma wurin da yara ke guje-guje.

A ƙarƙashin ganuwar, a cikin tekun kansa, akwai idanun ruwan daɗi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. A inda ruwan nan ke gauraya da na gishiri ake kama wani faffaɗan kifi da garin ya yi suna da shi, wanda a da ake kai wa masu mulkin ƙasar a matsayin gaisuwa. Mutanen Hiji suna alfahari da ruwansu ƙwarai, na duwatsu da na teku. Ku riƙe wannan batu na ruwa, za mu dawo kansa.

Idan ka bar bakin teku ka kutsa cikin unguwanni, za ka wuce tsofaffin gidajen katako masu rufin tayil, da ƙananan gonakin shinkafa kore shar, da tsofaffi sanye da malafa suna ban-ruwan gauta da kokwamba. Kowa ka haɗu da shi sai ya ɗan rusunar da kai ya yi maka barka da asuba. Ba da nisa ba akwai wurin bautar mabiya addinin Buda mai suna Sho'okuji, inda kaburburan gidan sarautar Kinoshita suke a jere. Ban da wannan, akwai ƙananan makabartu a tsakanin gidaje da gefen gonaki, babu wani shinge mai tsawo da ya raba matattu da masu rai.

A tsakiyar Agusta, daga ranar 13 zuwa wajen 16, ake yin bikin da suke kira Obon. 'Ya'ya da jikoki kan baro manyan birane su dawo gida. Sai ka ga iyali guda, tun daga tsohuwa mai sanda har yaro ɗan shekara biyar, sun nufi makabarta da bokiti da ludayi. Su cire ciyawa, su wanke dutsen kabarin tas, su sa furanni, su kunna turare. Aƙidarsu ita ce rayukan magabata na kawo ziyara a waɗannan kwanaki, shi ya sa suke kunna fitilu don tarbarsu da kuma rakiyarsu.

A nan wajibi ne in yi magana a fili. Wannan aƙida ba tamu ba ce, kuma ba mu da rabo a cikinta. Wanda ya mutu ya shiga barzahu, ba ya dawowa ya ci abincin da aka ajiye masa, kuma ba a roƙon kowa sai Allah. Ziyarar kabari da Manzon Allah (SAW) ya halatta mana, domin tuna lahira ce da yi wa mamaci addu'a. To amma ƙin aƙidar mutum bai hana ka fahimci abin da ke da girma a zuciyarsa ba. Mutanen nan ba sa wasa da matattunsu.

Sai dai abin da ke ƙarƙashin waɗancan duwatsu ba gawa ba ce, ƙashi ne da toka a cikin tulu. Fiye da kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka mutu a Japan ƙona su ake yi. Dokar ƙasar ba ta haramta binnewa ba, amma sai an samu makabartar da hukumar yanki ta amince da ita, kuma wuraren da ke karɓar gawar Musulmi a duk faɗin ƙasar kimanin goma ne.

Ina cikin wannan tunani a bakin wata makabarta sai ga hankaki sun sauka a kan wayar lantarki. Hankakan Japan manya ne, baƙaƙe ƙirin, ba su da farin ƙirjin namu. Nan take Suratul Ma'ida ta faɗo mini a rai, inda Allah (SWT) Ya ba mu labarin 'ya'yan Annabi Adamu (AS) biyu, da yadda hankaka mai tonon ƙasa ya zama malamin ɗan Adam na farko a kan suturta gawa. Wato binnewa karramawa ce da Allah Ya koyar tun farkon zuriyarmu. Malamai sun haɗu a kan cewa wanke mamaci Musulmi, da yi masa likkafani, da sallatarsa, da binne shi, farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi ta sauka daga kan kowa, idan aka rasa mai yi kowa ya yi laifi. Ƙona shi kuwa bai halatta ba.

Wannan ƙaramin gari da nake ba ku labari shi ne inda maganar ta fi yin zafi a 'yan shekarun nan. A shekarar 2018 ƙungiyar Musulmin Beppu ta sayi fili a kan duwatsun Hiji da nufin yin makabarta, kasancewar babu wata ta Musulmi a duk tsibirin Kiyushu. Mazauna kusa da wurin suka nuna fargabar kada ruwan shansu da na gonakinsu ya gurɓata. Aka yi ta zama ana tattaunawa, har aka koma maganar wani fili dabam mallakar hukumar garin. A watan Mayu na 2023 ƙungiyar ta cim ma yarjejeniya da mutanen unguwar a kan kaburbura 79. Amma a zaɓen Agusta na 2024 ɗan takarar da ke adawa da shirin ya zama magajin gari, kuma ya bayyana cewa ba zai sayar da filin ba. Ma'anar wannan ita ce iyalin da aka yi wa rasuwa sai su nemi alfarmar wani gurbi a makabartar wasu, ko su ɗauki gawa zuwa wani lardi mai nisa, ko su biya kuɗi mai yawa a kai ta gida a jirgin sama.

Da a ce daga nesa na karanta wannan labari, da abu ne mai sauƙi in taƙaita shi da cewa ƙiyayya ce ga Musulunci. Ba na musun cewa akwai masu ƙin baƙi, ana samunsu a ko'ina. Amma wanda ya taka garin da ƙafarsa, ya ga yadda tsoho ke durƙusawa yana share magudanar ruwan gonarsa, ya san cewa fargabar da yawansu ta gaske ce a zuciyarsu, ko da hujja ba ta goyi bayanta ba. Sun saba da toka, gawa a cikin ƙasa ta zame musu baƙon abu, duk da cewa kakanninsu a karkara binne su ake yi har cikin ƙarni na 20. Kuma kada mu manta, a garin Enzan na lardin Yamanashi, wani wurin bautar mabiya Buda ne ya ba Musulmi fili suka yi makabarta shekaru da dama da suka wuce. Adalci ya wajaba a kanmu ko ga wanda ya hana mu.

Abin da tattakin ya koya mini shi ne, a ƙaramin gari irin wannan, amana da sanayya ake gina ta. Mutanen da suka san kakan kowa ana neman su ba da ƙasarsu har abada ga waɗanda yawancinsu ba su taɓa gaisawa da su ba. Musulmin da ke fita daga ɗakinsa zuwa mota, daga mota zuwa aiki, daga aiki zuwa masallaci, zai iya shekara goma maƙwabcinsa bai san komai game da shi ba sai abin da ya gani a talabijin. Wanda kuwa ke tafiya a ƙasa, yana gaisuwa, yana rarraba shararsa yadda aka tsara ya fitar da ita a ranarta, yana fitowa aikin gayyar share unguwa, yana ɗaukar wa tsohuwa kaya a kan hawa, wannan ya zama wane, ba wani baƙo ba. Ba ina cewa a yi haka don a samu fili ba ne. Haƙƙin maƙwabci ibada ce da aka yi mana wasiyya da ita ko da ba Musulmi ba ne, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude. Ba na kuma cewa kyawun hali kaɗai zai buɗe kowace ƙofa. Neman haƙƙi ta hanyar doka da haƙuri na nan a wurinsa. Sai dai Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wanda ba a san shi da rai ba, da wuya a yi masa wuri bayan ya mutu.

Ya ɗan uwana mai shirin fita karatu ko neman halal, ko Japan ce ko wata ƙasa, ka haɗa wannan a cikin guzurinka. Ka koyi wankan gawa da ɗinkin likkafani da sallar jana'iza tun kana gida, domin a can ƙila kai ne malamin. Ka rubuta wasiyya ka bayyana cewa binne ka za a yi, ka sanar da wanda ka amince da shi. Ka nemi jama'ar Musulmin wurin ka sa hannu a asusunsu na jana'iza. Ke ma 'yar uwa haka, domin mata masu iya wanka sun fi ƙaranci.

Ku kuma da ke gida, ku gode wa Allah a kan ni'imar da ba a cika lissafa ta ba. A wurinmu mutum kan rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, jama'a sun yi masa salla, ba a tambayi iyalinsa takardar mallakar fili ba. Sai mu tambayi kanmu yaya muka bar makabartunmu: katangar da ta zube, zaizayar da ke tone kaburbura da damina, da tsofaffin masu haƙa da ba mai tunawa da su sai ranar da ya buƙace su.

Ƙarshen Suratu Luƙman ya sanar da mu cewa ƙasar da mutum zai mutu a cikinta na daga abubuwan da Allah Ya ɓoye saninsu. Abu Ayyub al-Ansari (RA), wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina, a gindin ganuwar Ƙusɗanɗiniyya aka binne shi, wato Istanbul ta yau. Babu wanda ya zaɓi ƙasarsa ta ƙarshe, amma kowa na da zaɓi a kan yadda zai zauna da mutanen ƙasar da yake takawa.

Allah Ya sauƙaƙa wa 'yan uwanmu na Kiyushu wannan lamari, Ya shiryi maƙwabtanmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani a duk inda ajali ya same mu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.